Neman Sagiru a Rimin Gado

Ana idar da sallar asuba muka ɗau hanya daga Kano, mu uku, duk malaman injiniya a jami'a. Bana muka buɗe wani aji na koya wa ɗalibai tsara karatunsu da kansu, saboda yawan masu gudu bayan shekarar farko. Sagiru ya zo ajin a farko, sai ya ɓace, wayarsa a kashe. Shi muka tafi nema.

Da muka wuce Rijiyar Zaki, gero da dawa suka rufe hanya hagu da dama. Mun karya da koko da ƙosai a Rimin Gado, ƙosan ya ƙanƙance kamar yana azumi. Daga nan muka bar kwalta. Duk wanda muka tambaya ya san Sagiru, sai dai kowa da nasa. An kai mu wurin mai faci, an kai mu wurin wani ango, har muka sha kunun biki muna ba da haƙuri.

Sai wajen azahar muka sami mahaifinsa a gonar gyaɗa.

"Sagiru? Ai yana wurinku, Malam. Jiya ma ya koma ɗakinsa na Rijiyar Zaki."

Muka kalli juna. Babbanmu ya ce, "Haka ne, Baba, gaisuwa muka kawo." Dattijon ya cika mana but ɗin mota da gyaɗa, yana sa mana albarka.

A ɗakin muka tarar da shi, littattafai a baje. Ashe kullum karatu yake yi, aji ne ba ya shiga.

"Malam, a sakandare gaya mana ake yi abin da za mu haddace. Nan kuwa ina karantawa har na gaji, amma ban san ko na gane ba."

Na sa ya rufe littafin, ya warware tambaya ɗaya da ka. Ya maƙale a layi na uku. Na ce, "To, daga nan za ka fara gobe." Ya daɗe yana kallon layin.

Mun iso gida bayan magariba. Tafiyar ta nuna mini cewa ba duk mai gudu ne malalaci ba, amma har yanzu ban san ko daidai muka yi wa dattijon nan ba. Gyaɗarsa tana nan, na kasa ci. Ranar Litinin Sagiru ya shigo aji, ya zauna can baya.