Matar da Ta Hana a Cire Wutar Pinball

Yau ƙaramar hukuma ke rufe cibiyar taruwar unguwarmu a Sparkbrook, Ingila, ma'aikata na fitar da kaya. Wata dattijuwa cikin uniform ɗin masu kula da tsofaffi ta duƙufa kan tsohon injin wasan ƙwallo na pinball mai ƙararrawa. Fikafikan buga ƙwallon ba su kai yatsa ba, tsakaninsu wawakeken rami, amma ƙwallonta ya ƙi faɗawa ramin balle wasan ya ƙare. Da ƙugu take lallaɓa injin, kamar mai jijjiga goyo.

"Mama, za mu cire wuta," in ji wani ma'aikaci, ɗan Kaduna.

"Ɗana, bari ya faɗa tukuna."

Ko kallon makin ba ta yi. Ina zargin wanda ya koya mata wasan ne take ƙin yi wa sallama. Yaron ya saki wayar, ya jawo kujera ya zauna.