Kufan da Ba a Nomawa

A flat ɗin council, gidan hayar gwamnati da muka zauna a Dagenham, ƙofarmu tana kallon ta wata dattijuwa 'yar Yukren. Mama nake ce mata. Turancinta a karye yake, nawa ma lallaɓawa ne, amma a wurin shanya muka saba.

Wata rana ta kira ni shan shayi, ta fito da hotunan garinsu, Pripyat, wanda aka kwashe mutanensa kakaf bayan tashar nukiliya ta fashe. Ga asibitin da ta haihu. Ga wurin ninkaya. Ga wani ƙaton lilo mai kujeru ruwan ɗorawa, an kafa wa yara, ba a kai ga bikin buɗe shi ba aka ce kowa ya hau mota. Kwana kaɗan aka ce za su yi. Har wanki ta baro a igiya.

Tausayi ya kama ni, bakina ya riga hankalina.

"Mama, mu kufai muke ce wa irin wannan. Akwai na su kakata. In gari ya tashi, ƙasarsa ta fi ko'ina albarka, gero har ya fi mutum tsawo."

Ta ajiye kofi. "Ku-fai. Sai yaushe ake komawa noma?"

"Damina biyu ko uku," na ce.

Da maigida ya dawo daga asibitin da yake aiki na ba shi labari, sai ya dafe kai. "Haba Hajiya, wa ya aike ki? Ƙasar nan guba ce. Tattaɓa-kunnen Mama ma ba za su ci tumatir ɗinta ba."

Ba a jima ba na ga kwalbar jam a tagarta, tana tara 'ya'yan furen nan mai bin rana a ciki, irin shuka. "Na kufai ne," ta ce, tana murmushi. Duk na wuce sai in kau da kai. A sujada ina roƙon Allah Ya ba ni bakin warware maganar, in na gan ta kuma sai in ɓige da hirar sanyi.

Da dogon hutu ya zo za mu gida, ina jan akwati a hankali kada ta ji, sai ga ta da kwalbar.

"Mama, maganar nan da na yi miki..."

"Ke yarinya, kin ɗauka ban sani ba? Mijina a tashar yake aiki." Ta danna min kwalbar a hannu. "Ki kai shi naku kufan."

Ƙanena ya shuka a kufan su kakata, irin ya karɓi ƙasar. Shekara ta zagayo, na sake zuwa na dawo, ta tare ni tun a matakala.

"Ya yi tsawo?"

"Wallahi ya fi ni, Mama."

Ta yi dariya, ta shige ta rufe ƙofa. Na tsaya riƙe da tsarabarta ta kilishi, ina jin famfonta yana ta zuba, bai gama rufe kukanta ba, na kasa ƙwanƙwasawa.