Ranar da Aka Ɗora wa Motar Mahaifina Ƙanƙara

Shekarun baya, lokacin jihar Kebbi ba ta daɗe da rabuwa da Sakkwato ba, mahaifina ya ajiye tuƙin babbar mota. Ya fi shekara talatin yana ɗaukar albasa daga Aliero zuwa kudu, har gwiwoyinsa suka gaza. Da abin da ya tara ya sayi wata 'yar motar Kwatano mai ruwan toka, ya kawo ta gidanmu a unguwar Firchin cikin Jega. Ni lokacin ina koyarwa a firamare, ban yi aure ba. Aikina a motar nan biyu ne: wanki, da zama a gaba ina ɗaga wa abokaina hannu kamar tawa ce.

Ba don yawo ya saye ta ba. Yana da yaya a Kuberi, can ƙasar Maiyama, wadda ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Gwaggo muke ce mata. Idanunta sun tafi, ƙarfinta ya ragu, kuma duk tsawon tuƙinsa bai taɓa ɗaukar ta ba, don motar ta mutane ce, ita kuma ba ta iya hawa. Sai ya aika mata da saƙo ta bakin 'yan kasuwa cewa da kansa zai zo ya ɗauko ta, ta kwana biyu wajenmu.

Ranar da muka kama hanya, tafiya ta yi daɗi har muka yi nisa da gari. Rana na ɗagawa motar ta fara fizga, hayaƙi baƙi na fita ta baya, wata 'yar fitila ta kama a gaban sitiyari. Can sai ta mutu. Mahaifina ya buɗe bonet da fara'arsa, don shi mutum ne da yake gane ciwon inji da kunne. Ya tsaya ya daɗe yana kallo. Babu kafireta, sai wayoyi da tiyo-tiyo. Bayan kamar awa guda ta huce, ya murɗa makulli ta tashi kamar ba ita ba. Muka juyo gida.

Mako uku aka yi ana haka. Ya canza fulogi, ya canza matatar mai, ya sa aka sauke tanki aka wanke. Kullum da safe sai mu fita gwaji hanyar Aliero, kullum sai ta kashe kanta da zarar ta ɗauki zafi. Har masu gonar albasa na bakin titi suka san mu, suna tasowa turi tun kafin a kira su. Mahaifiyata ta ce masa, "Malam, ka shiga motar haya mana ka gano ta." Ya ce, "Na hwaɗa mata da motata za ni zo." Wata rana muna zaune a inuwa muna jiran injin ya huce, ya ce da ni a hankali, "Wagga mota ba ta magana da ni." Ban taɓa jin muryarsa ta yi ƙasa haka ba.

Daga ƙarshe ya yarda muka je wajen wani mai wayarin a Jega Sabon Gari, magidanci mai yawan shiru. Ya saurari bayanin mahaifina har ƙarshe bai katse shi ba. Sannan ya bar motar tana aiki a rana sai da ta mutu don kanta. Ya ɗauko ɗan ƙwan fitila mai waya biyu yana taɓa nan, yana taɓa can. Ya ce, "Baba, batir lahiya lau, famfon mai na aiki. Amma wuta ba ta zuwa ga fulogi, kuma mai ba ya shiga inji. Mai ba su umarni ne ya yi shiru."

Ya ɗage shimfiɗar ƙasa ta wajen mai zaman gaba, ya nuna mana wani akwatin ƙarfe da bai fi faifan tuwo ba. Ya ce ita ce ƙwaƙwalwar motar. Sai ya tsallaka wajen mai sayar da zoɓo ya sayo ƙanƙara, ya ƙulle ta a leda, ya naɗe da tsumma, ya ɗora a kan akwatin. Mahaifina ya kalle ni, na kalle shi. Bayan ɗan lokaci mai wayarin ya ce, "Baba, murɗa." Tashi ɗaya ta yi.

Mahaifina ya yi dariya har da riƙe ƙofa. "Ashe zazzaɓi ta ka yi!"

Da aka kwance akwatin, cikinsa ya yi kore-kore, yana warin ƙuna. Mai wayarin ya ce ruwa ne ya shiga ya daɗe yana ci, shi ya sa in ta yi zafi take ɗaukewa. Ya tambaya ko motar ta taɓa shiga gulbi. Mahaifina ya ce a'a. Ni kuwa na san wanda ke kwarara bokiti guda a ƙasan motar duk Juma'a, yana dirza da soso don ta yi ƙyalli. Na kau da kai kamar ba a wurin nake ba.

Don a tabbatar, aka ari ƙwaƙwalwar motar wani mahauci mai irin tamu, aka ɗaura. Muka je Aliero muka dawo da tsakar rana, ko tari ba ta yi ba. Mai wayarin ya rubuta lambar da ke jikin tsohuwar a takarda, ya ce sai an samo mai lamba iri ɗaya. Kwana shida aka yi kafin wani direba ya kawo wata daga Sakkwato. Mai wayarin ya ɗaura, ya naɗe wayoyin, ya toshe inda ruwa ke bi.

Washegari a hanyar Maiyama na kasa daurewa. Na ce, "Baba, ni na zuba ruwan." Bai ɗauke ido daga titi ba. Ya ce, "Na sani tun ranar da anka buɗe ta. Ina son in ga kwana nawa za ka yi." Daga nan bai sake tayar da maganar ba har ya bar duniya.

Mun sami Gwaggo zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakinta, ƙunshin kayanta a gefe. Matan gidan suka ce tun da saƙon ya iso take ɗaure shi da safe, ta kwance da yamma. Tana jin muryarsa ta ce, "Auta, kai ne? Mi ya tsai da kai?" Dattijo mai furfura, ya durƙusa a gabanta kamar yaro. Ya kama hannunta ya fito da ita, ta bi jikin motar tana shafawa daga fitila har but. Ta ce, "Taka ce ta kanka?" Ya ce, "Taki ce." Ita ta zauna gaba, ni aka mayar baya. Ya yi tafiyar a hankali, yana faɗa mata duk inda muka iso, ita kuma tana gyara masa sunayen wuraren yadda ake kiransu a da.

Wata biyu ta yi a gidanmu. Ta rasu da damina ta gaba, shi kuma ya bi ta bayan shekara huɗu. Allah ya jiƙansu.

Har yau nakan lissafa makonnin da wankina ya rage musu. Amma abin da na fi kewa shi ne zaman jiran nan a bakin hanya, ni da shi, ba inda za mu. A nan ya ba ni labarin yarintarsa, da garuruwan da ya kwana, abubuwan da bai taɓa faɗa a gida ba. Ni kuwa lokacin duk hankalina na kan jin kunyar kada wani ya wuce ya gan mu. Rabin abin da ya faɗa ban riƙe ba, kuma yanzu babu wanda zan tambaya.