Yadda Na Mayar da Kafinta Ɓarawon Yara

Ni ɗan Hayin Banki ne, kuma ba a gidan banza na tashi ba. Mahaifina ma'aikacin gwamnati ne mai gudun abin kunya. Da na gama sakandare ban samu gurbin karatu ba, sai na zama mai ba abokai dariya a majalisa. Ina samun waya mai kyamara na kwashe barkwancin nan na kai intanet.

Ranar da bidiyona na farko ya yaɗu, kamar in tashi sama don murna. Wani dattijo ne iska ta ɗauke wa hula yana bin ta a guje, na ɗauke shi bai sani ba. Wayata ta wuni tana ƙara. Masu keke suna ɗaga mini hannu, 'yan mata suna nuna ni. Yayata Hauwa ce kaɗai ta ɗaure fuska.

Ta ce, "Da Baba aka yi wa haka, za ka yi dariya?"

Na ce, "Haba Yaya, ai wasa ne."

Daga nan na zama mafarauci. Mai gyangyaɗi a bakin shago, miji da mata masu cacar baki, duk ban bari ba. Mabiya suna ƙaruwa, kaina yana ƙara girma. Sai na lura labarin tsoro ya fi na dariya gudu.

Wata Talata a kasuwar Kawo na hango wani mutum ya saɓa yaro a kafaɗa yana sauri, yaron yana tsala ihu yana shure-shure. Nan take na ɗaga waya na ɗauke shi. Ban tambayi kowa ba. Na rubuta a ƙasa cewa iyaye su yi hattara, ɓarawon yara ya shigo gari. Na tura.

Ban taɓa ganin irin wannan yaɗuwa ba. Kafin la'asar kowa maganar yake yi, ana ta sa mini albarka wai na ceci al'umma. Ni kuwa har nama na saya wa abokai.

Bayan 'yan kwanaki wasu matasa suka gane fuskar mutumin a Rigachikun, inda ya je kafa ƙofa. Sunansa Malam Sabi'u, kafinta ne daga Rigasa. Yaron nan ɗansa ne na cikinsa, ƙusa ya taka, yake gudu da shi asibiti. Matasan suka rufe Malam Sabi'u da duka, kafin 'yan sanda su ƙwace shi an ragargaza masa hannun dama.

Na goge bidiyon, amma ya riga ya shiga wayoyin jama'a. Da hantsi aka zo aka tafi da ni a gaban mahaifina.

A kotu alƙali ya ce, "Ka san mutumin nan?"

Na ce, "A'a, ranka ya daɗe. Amma ai ba ni kaɗai na tura ba."

Ya ce, "Wa ya fara rubutawa?"

Na ce, "Ni ne." Aka ɗaure ni bisa ɓata suna da tunzura jama'a.

Cikin masu sa mini albarka ba wanda ya leƙo gidan yari, sai Yaya Hauwa da kwanon abinci. Da aka tambayi sana'ar da nake so in koya a can, na ce kafinta.

Ranar da aka sake ni, ko gida ban je ba. Na roƙi Yaya ta raka ni Rigasa. Muka sami Malam Sabi'u zaune a shagonsa, katako jibge ba mai taɓawa. Na durƙusa ina kuka, na roƙe shi gafara.

Ya dube ni ya ce, "Yafiya kam na yafe, saboda Allah. Hannu ne dai ba zai dawo ba." Ya nuna zarto da haɓa. "An ce ka koya. Tashi in gani."

Wallahi na fi murna da wannan kalma a kan buɗe ƙofar gidan yari. Har yau a wurinsa nake, shi yana auna katako da ido, ni ina yankawa.

'Yan uwana matasa, kada ku ɗauki mutum bai sani ba, kada ku tura abin da ba ku tabbatar ba. Doka tana kama wanda ya rubuta, kuma Allah yana ganin wanda ya yaɗa. Ni kullum da safe nake taya Malam Sabi'u ɓalla maɓallin rigarsa, ina kallon hannun da na kashe da ɗan yatsa guda.