Abdulgani da Motar Alhaji Sambo

Abdulgani bakanike matsoraci ne, kuma bai taɓa ɓoyewa ba. Ɗan masunta ne, amma ya guji kwalekwale saboda tsoron ruwa, ya tafi Sakkwato ya koyi gyaran mota. Ya dawo ya kafa rumfa a bakin tashar Kalgo, ya tsufa a cikin baƙin mai ba tare da ya taɓa riƙe sitiyari ba. In direbobi suka yi masa tsiya sai ya ce, "Ku je ku yi ta gudu, ni in gyara abin da ya rage."

A daminar 1997 Alhaji Sambo na Dalijan, mai fataucin shanu, ya iso rumfar fuska a murtuke. Motarsa 'yar Kwatano ce, mai sabon salon birki. Wata fitila ta kama a gaban direba ta ƙi mutuwa, birkin kuma in an taka sai ya yi ta rawa. Saura kaɗan su kwashi jaki a kasuwar Gwandu.

"Wanga yaro ne ya lalata min ita," in ji Alhaji, yana nuna direbansa Albarka. "Ka duba, Malam Abdu. In hannunsa ne, yau zai ba ni makullina."

Albarka ya sunkuyar da kai. Da wannan aikin yake ciyar da mata da 'ya'ya da tsohuwarsa.

Abdulgani ya duba takalman birki da mai, duk lafiya. Ya san irin waɗannan motoci suna da 'yar na'ura a bayan kowace taya, masu gyara na ce mata sansa, ita ke gaya wa birki saurin juyin tayar. In guda ta yi ƙarya, birki ya rikice. Amma wacce? Sai dai ya ji da jikinsa. Ya shiga gaban motar yana salati.

"A hankali, Albarka, don girman Allah!"

"Baba, ko giya ban sa ba tukuna."

Suka kama hanyar Dangoma, idon Abdulgani a runtse, hannunsa biyu a kujera. Albarka ya taka birki, motar ta yi gurnani. Ya sake takawa. Abdulgani ya buɗe ido ɗaya ya ce, "Ƙafarka ba ta da laifi. Mai da ni gida tun ina da rai."

Da suka dawo ya zube a benci ya nemi ruwa. Yana cikin sha ya ga awakin tasha sun taru a tayar baya ta hagu suna lasa kamar an zuba musu dusa. Ya kore su, suka dawo. Sauran tayoyin ko kallo ba su ishe su ba. Ya dangwala yatsa a ƙarfen ya ɗanɗana.

"Alhaji, mi kake zubawa a but, can bayan motar?"

"Gishiri da kanwa na shanuna. Duk ranar kasuwa."

"Har da ruwan sama?"

"To, shanu suna hutun lasa da damina ne?"

Aka ɗaga motar aka cire tayar. Ruwa ya daɗe yana shiga but ɗin, yana narkar da gishirin, yana ɗiga ta wata 'yar kafa daidai kan mahaɗin wayar sansa. Wurin ya yi kore shar, gishiri ya ci rabinsa. Abdulgani ya yanke ruɓaɓɓen, ya kankare, ya haɗa, ya naɗe, ya toshe kafar. Albarka ya tayar da mota ya zaga tasha. Fitila ta mutu, birki ya kama tsaf. 'Yan kallo suka yi ta shewa, wani ya ce a biya awaki ladansu.

Alhaji ya sosa ƙeya, shi ma dariya ta ƙwace masa.

"To, Malam Abdu, mi za a yi maka?"

Abdulgani ya goge hannu a tsumma. "Abu biyu nake roƙo, Alhaji. Gishiri a ɗora wa jaki. Makulli kuma ka bar shi a aljihun Albarka, ka ba shi haƙuri a nan gaban jama'ar da ka zarge shi."