Kwanon da Ake Ajiyewa a Bakin Ƙofa

A gidanmu na Roni, lokacin ɗari, da an idar da sallar magariba muke kewaye murhun kakarmu Iya Hari. Tana gasa mana dankali a toka, tana ba mu labari. Yawancin labaranta na dabbobi ne da aljanu, sai guda ɗaya da takan fara da cewa, "Wannan kam ba tatsuniya ba ce, da idona na gani."

Bayan rasuwar kakanmu, 'yan shekaru da samun mulkin kai, ta tafi Kano ta yi aikin girki a gidan wani Basine mai kamfanin kwanukan tasa. Mutumin yana tare da mahaifiyarsa, tsohuwa 'yar ƙarama, wadda ta tsinci Hausa kaɗan a wurin masu gadi. Iya ba ta iya faɗin sunanta ba, sai ta sa mata Uwar Cana.

A cikin damina akwai watan da Sinawa ke cewa ana buɗe wa matattu hanya su ziyarci duniya. Uwar Cana takan jera shinkafa da lemo da shayi a gaban hoton mijinta da allon sunayen iyayensu, ta kunna turaren tsinke, ta sunkuya sau uku. Daga nan ta ƙona wasu takardu a tsohon daro, wai saƙo ne zuwa gare su. In ta gama, sai ta cika wani kwano dabam, ta fita da shi har bakin titi ta ajiye.

Wata rana Iya ta tambaye ta, "Mama, shi wannan na waje na wa ne?"

Tsohuwar ta ce na ciki na masu gida ne, waɗanda suka bar 'ya'ya masu tunawa da su. Na waje na waɗanda suka mutu a hanya ne, ko a ruwa, ko ba su bar kowa ba. Suna yawo da yunwa, kuma in ba a ba su ba sukan dami mutane. Ta ce a lokacin yaƙi a ƙasarsu ta gudu da ƙanenta a ƙafa, ya ɓace mata a cunkoson hawa jirgin ruwa, ba ta sake jin ɗuriyarsa ba. Ba ta san kabarinsa ba. Tana ciyar da baƙin da suka biyo ta ƙofarta, ko wani ya ciyar da nata a inda yake.

A damina ta uku ciwon ƙafa ya kwantar da tsohuwar. Ɗanta yana Legas. Ta cika kwanon, ta miƙa wa Iya.

Iya ta ce, "Mama, ki yi haƙuri. Addinina bai yarda in kai wa matacce abinci ba. Mu addu'a muke musu, da sadaka."

Ta san maganar tana iya raba ta da aikin. Tsohuwar ba ta yi faɗa ba. Ta sauko daga gado, ta fara jan gindi da kwanon a cinyarta. Iya ta tsaya tana kallo har ta kai tsakiyar falo, sannan ta kwance mayafinta ta goya ta har bakin titi.

A nan Iya takan juya dankali, ta ce, "Ni dai ban taɓa kwanon nan ba. Tsohuwa na goya. Abin da ke hannunta, ita da Allahnta."

Mu dariyar goyon kawai muke yi. Yayata takan so ta ji ko fatalwowin sun cinye shinkafar, Iya ta ce karnukan unguwa dai ta gani.

Sai bayan rasuwar Iya, ina da 'ya'yana, Baba ya gaya mini tana da wa mai suna Ɗanjuma, wanda ya tafi Makka a ƙasa tun tana budurwa. Labarinsa na ƙarshe daga Sudan ya zo. Shekara da shekaru tana ba mu labarin ƙanen wata, ba ta taɓa ambatar nata ɗan'uwan ba. Ban san ko ta gaya wa tsohuwar ba. Yanzu in ina yi wa mamatanmu addu'a nakan sa sunansa, ko da yake babu wanda ya rage da ya san kamanninsa.