Mai Shiga ta Ƙofar Madafa

Ni ban iya rubutu ba. 'Yata ce ke rubuta mini, a ɗakinmu na unguwar Sanyuanli, nan ƙasar waje da kasuwanci ya kawo mu, inda nake takaba.

Ina ƙarama, kakata Iya Dije takan tara mu gaban murhu bayan an sauke tuwo. Ba ta fara tatsuniya sai wuta ta koma garwashi. Akwai wata da ke hana mu barci, amma kullum ita muke roƙo. Ta ce kakanmu ne ya jiyo ta a bakin wani baƙin sojan Amurka lokacin yaƙi.

Wai da mutanen Amurka suka rabu da sarki suka fara zaɓen shugaba da kansu, akwai wani mai ba shugaban shawara. Ba ya bin zaure, ta ƙofar madafa yake shiga. Ya raɗa magana, gari ya waye shugaba ya faɗa wa jama'a, a tafa masa. Amma duk maganar da ya bayar ba ta dawo masa. Muryarsa ta yi ta sirancewa, har matarsa ta daina jin sallamarsa. Ranar da ya mutu shugaba ya miƙe zai yi jawabi, sai muryar mamacin ta fito daga bakinsa.

"Iya, matar fa?" na tambaya.

"Ja'ira, wa ya damu da matar? Ja baya, za ki ƙone."

Haka Malam, mijina, ya yi wa shugaban 'yan kasuwarmu na nan. Shi ya shirya masa zaɓe. Shi ke gaya masa abin da zai ce wa 'yan Maraɗi, da abin da zai ce wa hukuma a shekarar nan ta Olamfik da aka tsananta biza. Bai taɓa zama a sahun gaba a taro ba. Da ya rasu ko kaset ɗaya babu mai muryarsa, ni kuma na fara mance ta. Wannan ne ke sa ni kuka.

Jiya shugaban ya zo ta'aziyya, ya zauna bayan labule. Ya yi gajeren gyaran murya, ya ce, "Hajiya, abin a bi shi sannu ne."

Muryar Malam ce sak, har yadda yake jan "sannu".

'Yata ta damƙe hannuna tana addu'a. Ni kuwa a nan na gane abin da matar nan ta yi, wanda Iya ba ta faɗa mini ba. Na matsa kusa da labulen.

"Alhaji," na ce, "ban ji ba. Sake faɗa."